Fositiron da Elektiron a Fuskar Daskararrun Abubuwa

Duk wani daskararren abu, ƙarfe ne ko gilashi ko dutse, yana da iyakar da ya ƙare, inda shimfiɗar ƙarshe ta ƙwayoyin zarra ke fuskantar waje. Kaurin wannan iyaka bai kai nanomita 1 ba, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Duk da haka a nan tsatsa take fara cin ƙarfe, a nan fenti yake kamawa ko ya ɓare, a nan kuma sinadaran da ke tace hayaƙin mota suke yin aikinsu. Wuri ne mai wuyar leƙawa, domin yawancin na'urorin bincike suna zarce shi su ɗauko labarin abin da ke ƙarƙashinsa. Fositiron na cikin 'yan abubuwan da ke tsayawa daidai a kansa, kuma dalilin tsayuwar yana cikin yadda yake hulɗa da elektiron.

Fositiron kishiyar elektiron ne. Nauyinsu ɗaya, yawan cajin lantarkin da ke jikinsu ɗaya, sai dai na elektiron cajin ragi ne, na fositiron kuwa cajin ƙari, irin alamomi biyun da ke kawunan batir. Lissafin da Paul Dirac ya fitar a Jami'ar Cambridge ta Ingila a 1928 shi ya fara nuna cewa dole akwai shi, sannan a watan Agusta na 1932 Carl Anderson ya ɗauki hoton sawunsa a Caltech da ke Kaliforniya. Idan fositiron ya yi kiciɓis da elektiron, mutuwar kasko ake yi. Su biyun sukan ɓace, nauyinsu ya rikiɗe ya zama haske mai ƙarfi da ake kira gamma, galibi tsirkiya biyu da ke juya wa juna baya, kowace da kuzarin elektiron-bolt 511,000. Elektiron-bolt shi ne kuzarin da elektiron ke samu idan bolt ɗaya na lantarki ya tura shi, kuma hasken da ido ke gani bai wuce elektiron-bolt 2 zuwa 3 ba. Waɗannan tsirkiyoyi biyu su ne na'urar PET ta asibiti take kamawa wajen neman cutar daji a jikin mutum.

A ɗakunan bincike yawanci daga sodiyam-22 ake samun fositiron, wani nau'in sodiyam da rabinsa ke ruɓewa duk bayan shekara 2.6. Akan rufe shi cikin ƙaramin kwanso mai siririyar taga ta titaniyam, a kewaye shi da tubalan dalma don kare masu aiki. Matsalar ita ce fositiron da ke fitowa daga nan da gudu yake fitowa, kuzarinsa kan kai elektiron-bolt 545,000, kuma babu biyu da suke da kuzari iri ɗaya. Wanda ya faɗa wa alminiyam da irin wannan ƙarfi yakan nutse kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita kafin ya tsaya, zurfin da ya kai shimfiɗar zarra dubu ɗaruruwa. Shi ya sa aka shafe shekaru ana nazarin cikin ƙarfe da fositiron ba tare da an ce uffan game da fuskarsa ba.

Abin da ke samunsa a ciki shi ne mabuɗin fahimtar sauran. Yana shiga yake karo da elektironi yana zubar da kuzari, cikin 'yan fikosakan ya lafa, gudunsa ya daidaita da zafin ƙarfen. Fikosakan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na sakan. Daga nan sai yawo ba alƙibla. Cibiyar kowace zarra cajin ƙari gare ta, irin nasa, saboda haka tana korarsa, yakan bi ta tsakankanin ƙwayoyin zarra, in kuwa ya tarar da gurbin da wata zarra ta ɓace sai ya faɗa ciki ya zauna. Elektironi kuma rububinsa suke yi, su taru kewaye da shi fiye da yadda suke a ko'ina cikin ƙarfen. Akwai wata doka da ke hana elektiron biyu zama a matsayi guda, wadda Wolfgang Pauli ya bayyana a 1925, amma ba ta hau kan fositiron da elektiron ba tun da ba jinsi ɗaya suke ba. Don haka babu abin da ke raba su, kuma ajalinsa ba ya nisa: kimanin fikosakan 160 a cikin alminiyam mai kyau, kusan 110 a jan ƙarfe, kusan 220 a silikon. A wannan ɗan lokaci yakan yi nisan nanomita 100 ko makamancin haka daga inda ya tsaya. Wanda ya tsaya kusa da fuska kenan yana da damar komowa bakin iyaka da ransa.

A bakin iyakar ne bambancin caji yake nuna kansa. Elektironin ƙarfe ba sa tsayawa cak inda layin zarra na ƙarshe ya tsaya, sukan ɗan malalo waje. Sakamakon haka ana samun siririn mayafi na cajin ragi daga waje, da wani na cajin ƙari daga ciki, suna fuskantar juna. Wannan mayafi mai ruɓi biyu yana daga cikin abin da ke tsare elektiron a cikin ƙarfe. Kafin a fizgo elektiron ɗaya daga yawancin ƙarafa sai an biya kuzarin elektiron-bolt 4 zuwa 5. To amma ƙarfin da ke mayar da cajin ragi ciki shi ne ke tura cajin ƙari waje, kamar gangaren da ke wahalar da mai hawa yake sauƙaƙa wa mai sauka. Fositiron da ya iso bakin iyaka yana tsakanin ƙarfi biyu: elektironin da suka yi masa rumfa a ciki suna riƙe da shi, mayafin fuska kuma yana tunkuɗa shi waje. Wanda zai yi rinjaye ya danganta da ƙarfen. A zinariya da azurfa riƙon ne ke rinjaye. A tangistin tunkuɗar ce, har fositiron yakan fito da kansa da ribar kuzari kusan elektiron-bolt 3. A nikel ribar kimanin 1 ce, a jan ƙarfe ba ta kai rabi ba, alminiyam kuwa yana kan gaɓa, sai an duba ta wace fuska aka yanka kiristal ɗinsa. Babu ƙarfen da ke amayo elektironinsa haka kawai ba tare da an biya shi ba, amma ga ƙarafa suna yi wa fositiron haka, kuma kusan duk wannan fanni na bincike a kan wannan hali aka gina shi.

An daɗe kafin a ci moriyarsa. A 1958 wani ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Princeton, William Cherry, ya ga fositironi masu tafiyar hawainiya suna fitowa daga fuskar da aka shafa wa kuromiyam, sai dai kusan uku ne tak cikin miliyan ɗari da suka shiga. A 1972 Karl Canter da abokan aikinsa a University College ta Landan suka gano cewa tokar maganiziyam tana ba da kusan 3 cikin 100,000. Daga baya tangistin ya zama abin da kowa ke amfani da shi. Akan samo falle mai kaurin kusan maikiromita 1, a gasa shi a wurin da aka zuƙe wa iska har zafinsa ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Salsiyos, domin a goge gurabun da za su kama fositiron a ciki, a kuma ƙone dattin da ke fuskarsa. Sai a ajiye shi gaban tagar sodiyam. Mafi yawan fositironi sukan ratsa shi su wuce ko su mutu a ciki, amma 'yan ƙalilan da suka tsaya kusa da fuska sukan fito a hankali, da kuzari kusan iri ɗaya. Rabon ba ya wuce ɗaya cikin dubu, sau da yawa ma ɗaya cikin dubu goma, kuma lissafin a bayyane yake: zurfin nutsewa ya ninka nisan yawo sau ɗari ko dubu. A 1986 Allen Mills da Eric Gullikson a Bell Labs suka nuna cewa iskar niyon da aka daskarar da tsananin sanyi tana kai wa kusan kashi 1 cikin 100. Waɗanda aka tace ta wannan hanya ana jan su da maganaɗisu ta cikin bututu, a ba su kuzarin da ake so, daga 'yan elektiron-bolt zuwa dubu talatin, ta yadda mai bincike ne zai zaɓi zurfin da za su tsaya.

Fita a sake ɗaya ce daga cikin ƙofofi uku da ke gaban fositiron a bakin iyaka. Ta biyu ita ce ya fita da guzuri, ya fizgi elektiron ɗaya su tafi tare suna kewaya juna. Wannan haɗi shi ake kira fositironiyam, zarra mafi rashin nauyi da aka sani, wadda Martin Deutsch ya gano a cikin iskar gas a MIT a 1951. Ƙarfin da ya ɗaure su elektiron-bolt 6.8 ne, rabin na haidurojin. A cikin ƙarfe fositironiyam ba ya ƙulluwa, saboda elektironi sun yi yawa, babu wanda fositiron zai keɓe da shi. Sai a bakin fita, inda suka fara siranta, yake samun guda ɗaya ya riƙe. Cinikin kuzarin mai sauƙi ne. A alminiyam, ciro elektiron yana cin kusan 4.2, ciro fositiron bai cin kusan komai, ɗaurin kuma yana biyan 6.8, saura kimanin 2.6 wanda fositironiyam ke tafiya da shi a matsayin gudu. Idan elektiron ɗin daga matsayi mai zurfi aka ɗauko shi, gudun yakan ragu daidai gwargwado, saboda haka auna gudun fositironiyam hanya ce ta sanin yadda elektironin fuska suka jeru. Canter da Mills da Stephan Berko ne suka nuna a Jami'ar Brandeis a 1974 cewa fuskar daskararren abu tana samar da shi da yawa.

Fositironiyam iri biyu ne, gwargwadon yadda juyin da kowanne cikin abokan biyu ke yi a kan kansa ya kasance. In juyinsu ya saɓa, sukan hallaka cikin fikosakan 125 su bar tsirkiyar gamma biyu. In ya dace, dokokin fiziks sun hana su mutuwa da tsirkiya biyu, sai da uku, kuma wannan yakan ja musu rai har nanosakan 142, fiye da ninki dubu. Kashi uku cikin huɗu na abin da ke fitowa mai dogon rai ne. Da yake tsirkiya uku suna raba kuzarin a tsakaninsu, kowace ba ta kai 511,000 ba, na'urar awo takan gane yawan fositironiyam ta hanyar ƙirga waɗanda suka gaza wannan adadi.

Ƙofa ta uku ta fi sauran amfani, ta kuma fi su wuyar fahimta. Idan caji ya tsaya dab da fuskar ƙarfe daga waje, elektironin ƙarfen sukan matso su taru a ƙarƙashinsa su ja shi. Ga fositiron, wannan ja da korar da cibiyoyin zarra ke yi masa sukan haɗu su haƙa masa wani ɗan rami daidai kan shimfiɗar ƙarshe, mai zurfin elektiron-bolt 2 zuwa 3. Wanda ya faɗa ciki bai shiga ƙarfe ba, bai kuma bar shi ba, yana manne a jikinsa. Hodges da Stott sun yi hasashen wannan mazauni a 1973. A ƙarshen shekarun 1970 Mills a Bell Labs da Kelvin Lynn a ɗakin bincike na Brookhaven suka tabbatar da shi ta hanya mai gamsarwa: da suka riƙa zafafa ƙarfe zuwa ɗaruruwan digiri, yawan fositironiyam da ke tashi sai ya yi ta ƙaruwa, alamar cewa zafi yana kakkaɓe waɗanda suka maƙale, kowanne ya ɗauki elektiron ya tafi. A 1984 Lynn da abokan aikinsa suka auna tsawon ran fositiron a wannan rami a fuskar alminiyam, suka samu fikosakan 580, fiye da ninki uku na cikin ƙarfen, domin elektironi ba su da yawa a wurin. An daɗe ana muhawara kan ainihin siffarsa a can, ko fositiron ne shi kaɗai, ko kuwa ya fi kama da fositironiyam da ya ɗan jingina da fuska. Wahalar ita ce a wannan ɗan tsukin wuri yawan elektironi yana faɗuwa daga cikakke zuwa sifili, kuma lissafin da ke aiki a cikin ƙarfe yakan yi rauni a nan.

Amfanin wannan maƙalewa ya fito fili a 1988, lokacin da Alex Weiss da tawagarsa a Jami'ar Texas da ke Arlington suka ɗora wata hanyar bincike a kansa. Yawancin fositironin da ke ramin da elektironin waje-waje suke mutuwa, amma 'yan kaɗan cikin ɗari sukan cimma elektiron na can kusa da cibiyar zarra. Gurbin da wannan ya bari ba ya daɗewa, wani elektiron daga sama yakan faɗo ya cike shi, rarar kuzarin kuma ta harbo na uku waje. Wanda aka harbo ana kiransa da sunan Pierre Auger, Bafaranshen da ya yi nazarin abin a shekarun 1920, ko da yake Lise Meitner ta riga shi bayyana shi. Kuzarinsa shaida ce ta irin zarrar da ya fito daga cikinta, na jan ƙarfe daban, na nikel daban. An daɗe ana wannan awo ta hanyar harba elektironi masu kuzarin dubbai, sai dai su nutsewa suke yi, saƙon da ke dawowa gauraye ne na shimfiɗu da yawa, yana kuma binne cikin tarin elektironin da harbin ya tarwatsa. Fositiron kuwa ana iya aika shi da 'yan elektiron-bolt goma-goma kawai, tun da ba ƙarfin bugu ne ke buɗe gurbin ba, mutuwar ce. Babu tarwatsi, ba a lalata abin da ake aunawa, kuma kusan duk saƙon daga shimfiɗar sama yake zuwa. A 2010 masu bincike a Munik suka shafa 'yan shimfiɗun jan ƙarfe a kan faladiyam, suka bi yadda ƙwayoyin zarra ke sauya mazauni cikin 'yan sa'o'i. Ga mai ƙera sinadaran da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai, sanin wace zarra ce a sama ya fi sanin abin da ke cikin dunƙulen gaba ɗaya, domin ita ce kaɗai iska ke taɓawa.

Sanin irin zarra abu ɗaya ne, sanin inda take zaune wani abu ne daban. Tun 1927, da Davisson da Germer suka ga elektironi suna warwatsuwa daga kiristal ɗin nikel cikin tsari, ake karanta jerin ƙwayoyin zarra daga zanen da warwatsuwar ke bari. An yi irin wannan da fositiron a karon farko a Brandeis a 1980, a kan jan ƙarfe. A 1992 Ayahiko Ichimiya na Jafan ya nuna wata fa'ida da elektiron ba zai taɓa samu ba. Cikin kiristal jan elektiron yake yi, komai kwanciyar da aka harba shi da ita sai ya karkata ya shiga. Fositiron kuwa turo shi yake yi, saboda haka idan aka harba shi a kwance sosai, ƙasa da kusan digiri 2 a kan silikon da kuzarin elektiron-bolt 10,000, ba ya shiga ko kaɗan, shimfiɗar farko kawai yake shafa ya tashi. Atsuo Kawasuso da Sohei Okada suka gwada hakan a aikace a 1998, yau kuma cibiyar KEK da ke Tsukuba ce kan gaba a wannan aiki. Da wannan hanya aka tabbatar a 2013 cewa silisin, shimfiɗa ɗaya tak ta silikon da aka ɗora kan azurfa, ba a miƙe take sumul ba, wasu ƙwayoyinta sun ɗan ɗara wasu tsawo. Wata fa'idar kuma ita ce da ana ƙara kwanar harbin kaɗan-kaɗan, sai a riƙa buɗe shimfiɗa ta biyu da ta uku bi da bi.

Abin da ya hana waɗannan hanyoyi yaɗuwa kamar takwarorinsu na elektiron shi ne ƙarancin fositiron. Bindigar elektiron mai ba da maikiro-amfiya 1 tana fitar da fiye da tiriliyan 6 a sakan guda. Na'urar sodiyam ta ɗakin bincike da ƙyar take ba da miliyan 1. A Garching kusa da Munik an gina wata mai suna NEPOMUC a jikin tukunyar nukiliya ta bincike FRM II, inda kadmiyam ke haɗiye niyutironi ya fitar da gamma, gamma kuma ta haifi fositironi a cikin filatinam, aka kai kimanin biliyan 1 a sakan, awon da ke cin sa'o'i masu yawa ya koma na 'yan mintuna. Ga kuma batun tsabta. Ko da an zuƙe iska har saura kashi ɗaya cikin biliyan, sakan ɗaya ya isa ragowar ta lulluɓe fuskar ƙarfe da shimfiɗa guda, kuma ƙyallin iskar oksijin kaɗan yana iya sauya mayafin caji ya juya dukkan sakamako. Sai an rage iskar zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin tiriliyan kafin a samu sa'o'in aiki.

Ba fuskar waje kaɗai ake nufi da fuska ba. Wasu abubuwa, irin su silika mai ƙananan ramuka da robobi, cike suke da kogunan da faɗinsu bai wuce 'yan nanomita ba, kowanne da bangonsa. Fositironiyam mai dogon rai da ya shiga irin wannan kogo yakan yi ta bugun bango, a kowane bugu kuma akwai yiwuwar fositiron ɗinsa ya haɗu da elektiron na bango mai saɓanin juyi ya mutu kafin lokacinsa. Gwargwadon ƙanƙantar kogo gwargwadon gajartar rai, daga nanosakan 142 zuwa 'yan ƙalilan, kuma da wannan ake auna girman ramuka a matatan ruwa da kuma kayan da ke raba wayoyi a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. A cikin irin wannan silika ne David Cassidy da Mills, a Jami'ar Kaliforniya da ke Riverside, suka haɗa fositironiyam biyu suka zama ƙulli ɗaya a 2007, abin da John Wheeler ya yi hasashe tun 1946. Bangon ramin ne ya ɗauke rarar kuzarin da sai an zubar da ita kafin haɗin ya ɗore. A cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, gwaje-gwajen AEgIS da GBAR suna harba fositironi kan silika mai ramuka domin samun fositironiyam da ya huce ta hanyar bugun bango, sannan su haɗa shi da kishiyar furoton don ƙera kishiyar haidurojin, da nufin auna yadda ƙasa ke jan ta ta faɗo. A 2024 tawagar AEgIS da wata tawaga a Jami'ar Tokyo, kowace a nata ɓangaren, suka ba da rahoton sanyaya fositironiyam da hasken leza.